Yadda muka kai Yayana asibitin ƙwaƙwalwa bayan ya dawo daga yaƙin Sudan

Ina rubuta wannan ne saboda duk wanda yake da ɗan'uwa da ya fito daga inda ake yaƙi, Sudan ce ko Borno ko ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, ana zaune lafiya lau sai rana ɗaya mutum ya rikice. Mu lokacin da abin ya same mu a gida babu wanda ya san ƙofar da ake fara bugawa, kowa da tasa shawarar, shi ya sa zan jero yadda muka bi tun daga farko har aka sallame shi, da kuɗin da muka kashe, da abin da ake tambaya a kowane tebur.

Yayana ya haura arba'in, tela ne, ya daɗe a Omdurman yana da shago kusa da kasuwar Suk Libiya, a can ya auri Bahaushiyar Sudan suka haihu. Mutum ne da ko sigari bai taɓa sha ba, kuma a danginmu kaf ba mu san wani mai taɓin hankali ba. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ana cikin azumi, tsakanin sojojin gwamnati na Janar Burhan da dakarun RSF na Hamidati waɗanda mutanen can ke ce wa Da'ama. Shi yana da fasfo ɗin Najeriya, matarsa da yara ba su da shi, sai surukinsa ya ce ya bi motocin da ke kwashe 'yan Najeriya, su kuma za su koma Wad Madani wajen dangi kafin ƙura ta lafa, tunda a lokacin kowa gani yake abin na sati biyu ne ko uku. Ya bi bas zuwa bodar Masar, suka yi kwana da kwanaki a bakin boda cikin rana, daga baya jirgi ya ɗebo su daga Aswan zuwa Abuja a farkon Mayu. Da ya iso Kano ya rame amma hankalinsa garau, yana ba da labari tiryan-tiryan, har dariya yake ba mu.

To abin da ya biyo baya shi ne mutane ba sa lissafawa. Mutumin da shi ke aiko wa Hajiya kuɗin azumi da na layya, ga shi yanzu a ɗakina na zaure, kuɗin data ma sai na miƙa masa. Wani maƙwabcinsa ya turo masa bidiyon layin shagonsu an fasa an kwashe har kekunan ɗinki. Masu zuwa barka da arziki kuma da kyakkyawar niyya suke zuwa, amma kusan kowa sai ya ce "to ya aka yi ka baro iyali?" Wallahi ina ganin yadda fuskarsa ke sauyawa duk lokacin da aka yi wannan tambayar. Ya daina zama a majalisa, kullum yana ɗaki da waya, daga wannan guruf ɗin WhatsApp na 'yan unguwarsu zuwa wancan, ɗan abin da ya samu a ɗinkin haya sai ya nemi mai Bankak, wato manhajar tura kuɗi ta waya da ake amfani da ita a Sudan, ya tura musu. A haka aka kwashe wata bakwai.

A tsakiyar Disamba Da'ama suka shiga Wad Madani, garin da dubban mutanen Khartum suka fake. Wayar matarsa ta daina shiga, ta surukinsa ma haka. Daga ranar barci ya ƙaurace masa, duk sanda na farka zan gan shi zaune a bakin katifa yana danna lamba ɗaya. Ba a rufa sati ba abin ya juye. Ya ɗauki tabarma ya toshe taga, ya cire layin wayarsa ya karya, ita wayar ya naɗe ta a leda ya tura cikin buhun gero wai da ita ake bin sawunsa. Ya ce masu adaidaita sahun da ke tsayawa a bakin layinmu 'yan leƙen asirin Da'ama ne. Abincin Hajiya, mahaifiyarsa fa, ya ce an zuba wani abu a ciki. Abin da ya fi karya min zuciya, cikin dare na same shi durƙushe a bakin rijiya yana amsa wa 'yarsa ta fari da Larabci, ya ce min "kai ba ka ji ba? Ga ta can tana kirana, ta ce ƙishirwa take ji." Na riƙe masa hannu na ce Yaya taho mu shiga ciki, hannun nan sanyi ƙalau yana rawa.

Gari na wayewa gida ya cika. Wasu suka ce aljanun hanya ne ya kwaso a sahara, wasu suka ce jifa ne, wani kawunmu ya ce a kai shi gidan mari a ɗaure kafin ya ji wa wani ciwo, wani kuma ya ce ya san mai kemis da ke yin allurar barci. An kira malamin unguwa ya yi masa ruƙiyya, kuma Allah ya saka masa da alheri, shi da bakinsa ya ce wa Hajiya addu'a ba za a fasa ba amma mutumin da ya yi kwanaki bai runtsa ba asibiti ya kamata a kai shi yau ba gobe ba. Wannan maganar ce ta raba gardama, don da ni na faɗa ba lallai a ji ba.

Mun fara da wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kusa. Aka duba zafin jiki, hawan jini, suga da maleriya, duk babu komai. Likitan ya yi mana bayani cewa dole a fara da nan saboda zazzaɓi mai tsanani, sanƙarau, faɗuwar suga, ko buguwa a ka duk suna iya sa mutum sambatu, kuma maganinsu daban ne, wasu ma in an yi jinkiri rai ake rasawa. Ya rubuta mana takardar turawa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati. Ku riƙe irin wannan takardar da sakamakon gwajin, don a can sun rage mana dogon bayani.

Yadda za a kai mutum shi ma aiki ne. Ba mu ɗaure shi ba, ba mu taru a kansa ba. Na ce masa Yaya za mu je wajen likita ne a samo maka abin da zai sa ka barci, in ka samu barci ka fi iya neman su, kuma gaskiya na faɗa masa. Muka ari motar aboki tunda adaidaita yake tsoro, ya zauna a baya a tsakiya, ni a gefe ɗaya, amininsa na ƙuruciya a ɗaya gefen, aka kulle ƙofofi. Duk abin da ya faɗa a hanya ba mu musa ba kuma ba mu gaskata ba, sai dai mu ce mun ji, muna tare da kai. Musu da mai irin wannan lalurar ƙara masa zargi yake, nan da nan sai kai ma ka shiga cikin maƙiya.

A bakin get mai gadi ya nuna mana ɓangaren gaggawa, tunda sabon mara lafiya da ke cikin rikici ba ya bin layin masu zuwa ganin likita na wata-wata. Nan sai aikin ya rabu biyu, shi ya sa zuwa mutum ɗaya ba ya yi: amininsa ya zauna da shi a benci, ni na tafi ofishin kati. Sun tambayi cikakken suna, shekaru, adireshi, da sunan wanda zai tsaya masa da lambar waya. Aka ba ni takarda na je wajen biya, na dawo da rasit, sannan aka buɗe fayil. Kati da fayil sun ci kusan naira 3,000 a ƙarshen 2023, yanzu na san ya wuce haka. Ku tafi da tsabar kuɗi a aljihu ko da za ku yi transfa, netwok ba shi da tabbas. Nas ta sake duba jini da zafin jiki, ta tambaya ko ya yi yunƙurin ji wa kansa ciwo ko wani, na faɗa mata maganar rijiya, tana jin haka ta sa fayil ɗinmu a sama. Duk da haka mun shiga da hantsi, sai bayan azahar muka ga likita, mutane ne maƙil kuma likitocin kaɗan ne. Zaman jiran nan ba zan manta shi ba, ina kallon wani dattijo riƙe da ɗansa, wata mata da mijinta, kowa ya sunkuyar da kai kar ya haɗa ido da wanda ya sani.

Likitan ya fara da Yaya shi kaɗai ina gefe, ya tambaye shi yau wace rana ce, ina muke, wa ya kawo shi, yana jin muryoyi, me suke cewa, suna ba shi umarni ne. Yaya ya san rana, ya san gari, ya san ni, amma ya rantse 'yarsa na magana da shi. Sai aka fita da shi aka bar ni, nan ne tambayoyin suka yi yawa: yaushe takamaimai ya fara, kafin nan ya yake, akwai mai irin wannan a dangi, yana shan wiwi ko tiramol ko maganin tari, ya taɓa farfaɗiya, ya taɓa faɗuwa a kan babur. Da na fara ba da labarin Sudan a gajarce sai ya ajiye biro ya ce "Malam, kar ka taƙaita, daga farko nake so." Na kwashe komai na faɗa, har maganar masu zuwa barka da kuɗin data.

Bayanin da ya yi min shi ne dalilin wannan rubutun. Ya ce akwai rikicewar hankali ta farat ɗaya, wadda ke tasowa cikin kwanaki, ba ta wuce sati biyu ta bayyana gaba ɗaya, a jikin babban mutum da bai taɓa yin komai ba, kuma sau da yawa bayan wani tashin hankali mai girma take zuwa. Mutum ya riƙa jin abin da babu, ya yarda da abin da ba haka ba ne, musamman cewa ana farautarsa. Ya ce mutane suna zaton ƙarar bam da ganin gawa ne kaɗai ke taɓa ƙwaƙwalwa, alhali rabuwa da iyali, rasa sana'a, komawa cin hannun ƙane, zargin kai da maganganun mutane suna tara nauyi a hankali, kamar jakin da ake ta ƙara wa kaya yana tafiya har a ɗora ƙullin da zai durƙusar da shi. A wajen Yaya faɗuwar Madani ce ƙullin ƙarshe, rashin barci kuma ya ƙarasa aikin. Ya ce akasarin masu irin wannan suna dawowa daidai cikin makonni, in ta daɗe wata uku, sai dai ba zai yi min alkawari ba, don akwai waɗanda takan dawo musu, akwai kuma waɗanda daga baya ake gane farkon wata doguwar lalura ce, lokaci da bibiya ne ke bambancewa. Ya kuma bambanta min ita da ciwon firgicin bayan masifa, inda mutum ke mafarkin abin da ya gani yana zabura amma ya san a ina yake kuma ya san tunawa yake yi.

Aka rubuta gwajin jini na ƙoda, hanta da sauransu, da gwajin fitsari na ƙwayoyi. Wannan na fitsarin ya ɓata wa kawunmu rai, wai an mai da ɗansu ɗan ƙwaya, amma kowa ake yi wa, kuma da ya fito babu komai shi ya rufe bakin masu tsegumi a unguwa. Gwaje-gwajen sun tasam ma naira 25,000. Likita ya ce a ba shi gado saboda ba ya ci, ba ya barci, ga maganar rijiya. Na sa hannu a takardar amincewa a matsayin ɗan'uwa, na biya kuɗin ajiya na gado da abinci wajen naira 60,000. Suka ba ni jerin kaya: kaya marasa igiya, silifas, bokiti, kofi da faranti na roba, sabulu. Bel, reza, madubi, waya, duk ba a shiga da su. Da aka zo shiga da shi ya riƙe min riga ya ce "kai ma da kai aka haɗa baki?" Na fito na zauna a gindin wata bishiyar darbejiya na yi kuka sosai. Duk wanda zai kai nasa ya shirya wa wannan kalmar, ciwon ne ke magana, kuma daga baya shi da kansa ya nemi in yafe masa.

An yi masa allurar Haloperidol a daren farko, ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Kwana kaɗan da muka je dubiya da Hajiya sai muka tarar wuyansa ya karkace gefe, harshe ya yi nauyi, ido yana kallon sama. Hajiya ta fara salati tana cewa ai ga shi nan aljanun sun bayyana. Nas ta ce mata "Mama kwantar da hankalinki, maganin ne," aka ba shi wani magani, kafin mu bar wajen wuya ya saki. Wannan sanannen abu ne da irin waɗannan magungunan ke jawowa kuma yana da magani, amma da yawa a nan suke cire ɗan'uwansu daga asibiti su ce an ƙara masa ciwo. Bayan nan aka mai da shi kan ƙwayar Olanzapine da dare. Sauƙin a hankali ya zo, ya fara cin abinci, sai ya daina waige-waige, sai wata rana ya ce min muryar ta yi nisa, daga baya ya tambaye ni da kansa, "wai da gaske na sa waya a buhun gero?" Ya yi kusan sati uku aka sallame shi.

Kafin sallama an haɗa mu da mutum biyu da ban san da su ba a tsarin asibiti. Ɗaya masaniyar halayyar ɗan'adam ce da ke zama da shi su yi magana, a wajenta ya fara furta cewa gani yake shi ya gudu ya bar 'ya'yansa. Ɗayan jami'in walwala ne, shi kuma mu ya tasa a gaba. Ya ce magani zai kashe muryoyin amma ba zai biya bashi ba, ba zai dawo da shago ba, in muka mai da shi ɗakin nan da wayar nan da tambayoyin nan to muna iya dawowa. Shi ya faɗa mana akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci ba tare da azabtarwa ba. Ya ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum 1 cikin 5 a wuraren da ake rikici yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, daga damuwa mai tsanani har zuwa irin ta Yaya. Tun daga lokacin nake kallon 'yan gudun hijirar da ke unguwarmu da wani ido daban.

Da muka dawo gida muka yi abin da aka ce. Hajiya ta hana kowa tambayar iyali, ta ce mai zuwa ya ce ya jiki ya yi addu'a ya tafi. Dangi suka haɗa kuɗi aka saya masa keken ɗinki na hannu, wani tela a bakin kasuwa ya ba shi gefe a shagonsa. Neman labarin matarsa ni na karɓa, na ce duk abin da na ji zan faɗa masa da rana, mai daɗi ko mara daɗi, amma waya ba ta kwana a ɗakinsa. A Janairu muka samu labari sun tsira sun gangara wajen Sinnar, kusa da Mai Wurno inda Hausawa suke da yawa. A Fabrairu 2024 kuma sabis ya ɗauke a kusan duk Sudan, aka sake shiga shiru na makonni. Na tsorata ƙwarai, na kai shi asibiti tun ranar ganin likitansa ba ta zo ba, aka duba shi aka ɗan gyara magani. Ya damu, ya yi kuka, amma yana barci kuma muryar ba ta dawo ba.

Maganin wata ɗaya bai kai naira 10,000 ba a lokacin, ganin likita kuma da farko duk sati biyu ne, daga baya wata-wata. Olanzapine na sa ci da ƙiba da nauyin jiki da safe, har ya so ya bari da ya ji ya warke, likita ya ce a'a, za a ci gaba wata da watanni bayan alamun sun tafi, kuma in lokacin bari ya yi a hankali ake ragewa, ba a yankewa rana ɗaya. Wannan ita ce gaɓar da na fi jin mutane suna faɗuwa, mutum ya samu sauƙi sai 'yan'uwa su ce ai ya warke, maganin mahaukata na mene ne.

In naku ya fito daga irin wannan halin, barcinsa za ku sa wa ido kafin komai, dare biyu ko uku ido biyu tare da zargin mutane ko magana shi kaɗai ya isa a tafi. Wanda ya san labarinsa tun daga farko shi zai raka shi, don likita da bakinku yake aiki, kuma kar a ɓoye ko shaye-shaye ne ko wani a dangi ya taɓa yi. In da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, jijjiga, ko bai gane mutane, asibiti mafi kusa za a fara kai shi da gaggawa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya akwai a Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, a Kano akwai na Dawanau, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Lambar katin asibiti ku ajiye ta a waya ku ɗauki hoton takardar magani, saboda ranar da za ku buƙace su a rikice za ku fita, kuma in kun ga alama ba sai kun jira ranar da aka rubuta muku ba, ɓangaren gaggawa a buɗe yake.